Su Waye Ke Zaune a Ɗakin Idan Shugaba Zai Yanke Hukunci?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Duk lokacin da aka rantsar da sabon gwamna ko shugaban ƙasa, akwai jerin sunayen da muke zuba ido mu gani: ministoci, kwamishinoni, masu ba da shawara na musamman, manyan mataimaka, ƙananan mataimaka. Da an fitar sai mu duba abu ɗaya, ɗan garinmu yana ciki ko ba ya ciki? Ni ma haka nake yi, ba zan ɓoye muku ba. Amma yau ina so mu leƙa wani wuri daban. Idan aka rufe ƙofa, shugaba zai yanke hukuncin da rayukan mutane suka rataya a kansa, su waye a ɗakin? Me kowannensu ya sani wanda sauran ba su sani ba? Kuma wa ke iya buɗe baki ya ce, ranka ya daɗe, wannan fa ba za ta ɓulle ba?

Misalin da zan ɗauka daga Amurka ne. Na zaɓe shi ne don shugaba ɗaya ne, John F. Kennedy, rikicin ma a kan ƙasa ɗaya ne, wato Kyuba, kuma wata 18 ne kacal tsakanin karo na farko da na biyu. A na farko ya sha kunya a idon duniya. A na biyu aka kauce wa yaƙin nukiliya.

Kennedy ya hau mulki ranar 20 ga Janairu 1961 yana ɗan shekara 43. Ya tarar da wani shiri da hukumar leƙen asiri ta CIA ta faro tun zamanin Eisenhower: a horar da 'yan Kyuba masu gudun hijira a Guatemala, a ba su makamai, a sauke su a gaɓar tekun ƙasarsu su kifar da gwamnatin Fidel Castro. Masu kawo masa shirin ba ƙananan mutane ba ne. Allen Dulles yana shugabantar CIA tun 1953. Mataimakinsa Richard Bissell shi ya jagoranci aikin ƙera jirgin leƙen asirin nan na U-2. Ga manyan hafsoshin soja kuma a gefe suna gyaɗa kai. Mu a nan mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To Kennedy ya ɗauki wannan maganar da gaske, ita ce kuma ta kai shi ta baro.

Ku lura da abu na farko. Mutanen da suka tsara shirin, su ne aka tambaya ko shirin zai yi nasara. Kamar ka tambayi dillali ne ko motar da yake son sayar maka lafiyarta ƙalau. A cikin CIA ɗin kanta akwai sashen da aikinsa nazarin bayanai ne, su ne za su iya cewa ko talakawan Kyuba za su tashi su mara wa maharan baya ko ba za su tashi ba. Ba a tambaye su ba, wai don kar sirri ya fita. Ma'aikatan da ke kula da harkar Kyuba a ma'aikatar harkokin waje, su ma ba a tambaye su ba. Alhali duk shirin a kan wannan zaton ya tsaya, cewa da an sauka jama'a za su yi wa Castro bore.

Akwai wadda ta fi wannan. Da farko an tsara sauka ne kusa da garin Trinidad, dab da duwatsun Escambray, ta yadda in abu ya ɓaci mayaƙan za su haye dutse su koma yaƙin sari-ka-noƙe. Daga baya aka sauya wuri zuwa wani lungun teku da Turawa ke kira Bay of Pigs. Amma a ɗakin taro aka ci gaba da cewa ai in ta ƙi sai su shige duwatsu. Daga sabon wurin zuwa duwatsun nan kusan kilomita 130 ne, kuma fadama ce mai taɓo a tsakani. Taswira kawai wani zai buɗe ya auna. Ba wanda ya yi.

Kar ku ɗauka babu masu shakka. Akwai su. Chester Bowles, na biyu a ma'aikatar harkokin waje, ya rubuta takarda yana adawa, ya miƙa wa ubangidansa Dean Rusk, takardar ba ta kai ga shugaban ƙasa ba. Sanata William Fulbright an gayyace shi taron 4 ga Afrilu, ya tsaya ya soki shirin ƙiri-ƙiri. Aka zaga ana tambayar sauran, ba wanda ya fito fili ya tsaya masa. Sai kuma Arthur Schlesinger, malamin tarihi da ke cikin mataimakan Kennedy. Shi ya rubuta wa shugaban takardun adawa a keɓe, amma a zauren taro sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ban da 'yan tambayoyi a tsorace. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa ya yi nadamar shirun nan.

Wallahi shi wannan na fi ganewa a cikinsu. Na taɓa zama a kwamitin wata ƙungiyar matasa ta unguwarmu, aka kawo shawarar zuba kuɗin asusu a wata harka da na san ba za ta yi ba. Na duba na ga manya sun amince, shugaba yana ta murmushi, sai na ce wa raina waye ni. Bayan an tashi muka haɗu mu huɗu a bakin mai shayi, ashe duk abin da ke raina shi ke ransu. Kowa ya zaci shi kaɗai ne. Kuɗin dai sun tafi.

Ranar 17 ga Afrilu 1961 mutum kusan 1,400 suka sauka. Cikin kwana 3 aka gama da su. An kashe fiye da 100, an kama fiye da 1,100. Sai a Disamba 1962 aka sako fursunonin, bayan an yarda za a ba Kyuba abinci da magunguna na dala miliyan 53. Shekaru bayan haka, a 1972, wani masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Yale mai suna Irving Janis ya rubuta littafi a kan irin wannan cuta, inda masu kaifin basira ke haɗuwa su yanke shawarar wauta saboda ba wanda ke son ɓata zaman lafiyar ɗaki. Ni tunanin garke nake kiran abin. Ku kuma kuna iya cewa 'yan amshin Shata, sai dai su waɗannan ba don kwaɗayi suka amsa ba, don kunya da ganin girman juna ne.

To me Kennedy ya yi? A bainar jama'a ya ɗauki laifin. A cikin gida kuma ya sauya yadda ake zama. Dulles da Bissell suka bar aiki. Ya naɗa John McCone a CIA, mutumin da ɗan jam'iyyar adawa ta Republican ne. Ya fara shigar da ƙaninsa Robert Kennedy, ministan shari'a, da Ted Sorensen mai rubuta masa jawabi, cikin tattaunawar tsaro, duk da ba fanninsu ba ne. Aikinsu shi ne su yi tambayar da ƙwararru ke ganin ta yi ƙanƙanta a yi ta.

Sai Oktoba 1962 ta zo. Ranar 14 ga wata jirgin U-2 ya ɗauko hotunan wuraren da Tarayyar Sobiyet ke girka makamai masu linzami a Kyuba, waɗanda ke iya ɗaukar nukiliya. Kyuba fa mil 90 ce kawai daga Florida. Da safiyar 16 ga wata aka sanar da Kennedy. Daga nan aka shiga kwana 13 da har yau ake cewa duniya ba ta taɓa matsawa kusa da yaƙin nukiliya kamar lokacin ba. Abin da ya sa muka san yadda aka yi dalla-dalla shi ne Kennedy ya sa na'urar naɗar murya a ɓoye, kuma an fitar da kaset ɗin daga baya.

A ranar farko yawancin ɗakin sun karkata ga kai hari ta sama, har da shi Kennedy. Da a ranar aka yanke hukunci, da bama-bamai aka jefa. Amma ku dubi waɗanda ya tara a wannan karon. Ga Robert McNamara, ministan tsaro, wanda daga shugabancin kamfanin motoci na Ford ya zo, mutumin lissafi. Ga Douglas Dillon, ministan kuɗi, shi ma ɗan Republican. Ga Janar Maxwell Taylor. Ga George Ball, lauya daga ma'aikatar harkokin waje. Ga Adlai Stevenson, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake yi wa kallon mai sanyin hali. Ya kirawo tsofaffin hannu daga waje, irin su Dean Acheson mai zafin ra'ayi. Sannan ga Llewellyn Thompson, wanda bai daɗe da dawowa daga Mosko ba bayan shekara 5 yana jakada, ya sha zama da Nikita Khrushchev suna hira, ya san yadda mutumin ke fushi da yadda yake saukowa.

Tara su kaɗai ba zai wadatar ba. Abin da ya fi burge ni shi ne Kennedy ya riƙa barin ɗakin. Ya ci gaba da tafiye-tafiyen kamfen ɗin zaɓen 'yan majalisa, a gefe guda don kar 'yan jarida su farga, amma hakan ya haifar da wani abu: in ba ya nan, ƙaramin jami'i yakan iya musu da minista. Ƙaninsa ya lura cewa da shugaban ya shigo, har masu taurin kai sukan fara faɗin abin da suke zaton yana son ji. Aka kuma raba su gida biyu, masu son hari da masu son a datse hanyar jiragen ruwa. Kowane ɓangare ya rubuta shirinsa tun daga jawabin da shugaba zai yi har zuwa martanin da Mosko za ta iya mayarwa, sannan suka yi musayar takardu kowa ya tsefe ta ɗan'uwansa.

Yanzu ku ga abin da kowa ya kawo. Ball ya ce kai harin ba-zata a kan ƙaramar ƙasa daidai yake da abin da Japan ta yi musu a Pearl Harbor a 1941, kuma Robert Kennedy ya riƙe wannan hujjar gam. Wannan ba maganar soja ba ce, maganar mutuncin ƙasa ce. Sojoji kuma suka matsa. Ranar 19 ga wata Janar Curtis LeMay, shugaban sojan sama, ya kalli Kennedy ya kwatanta datse teku da lallashin da aka yi wa Hitler a Munich a 1938. Gugar zana ce mai zafi, don mahaifin Kennedy yana jakada a Landan a wancan lokacin kuma ya goyi bayan lallashin. Kennedy ya haɗiye. Bayan kwana 2 ya kira Janar Walter Sweeney, wanda shi ne zai jagoranci harin a aikace, ya tambaye shi ko zai iya ba da tabbacin lalata makaman duka. Sweeney ya ce ba zai iya ba, wasu za su iya tsira. Makami ɗaya da ya tsira kuwa birni guda ne. Kun ga, a wannan karon ya tsallake masu kawo shiri ya tambayi mai aiwatarwa.

Ranar 22 ga wata ya yi wa duniya jawabi ya sanar da datse tekun. Har a nan shawara ta sake zuwa daga inda ba a zata ba. Jakadan Birtaniya, David Ormsby-Gore, abokinsa ne tun suna samari. Shi ya ce masa layin da aka ja a teku, mil 800 daga Kyuba, ya yi nisa, jiragen Sobiyet za su iso shi da wuri kafin Khrushchev ya samu lokacin tunani. Aka matso da shi zuwa mil 500. Baƙo ne, ba ma ɗan ƙasar ba.

Ranar da ta fi muni ita ce Asabar 27 ga wata. A daren Juma'a Khrushchev ya aiko da doguwar wasiƙa a asirce, yana cewa in Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba zai kwashe makamansa. Da safe sai ga wata ta biyu an karanta a rediyo, da sabon sharaɗi: sai Amurka ta cire nata makaman na Jupiter daga Turkiyya. A ranar kuma aka harbo jirgin U-2 a kan Kyuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Hafsoshi suka ce lokacin hari ya yi. Shi Kennedy yana ganin tunda an fito da maganar Turkiyya a fili, Khrushchev ba zai koma kan wasiƙar farko ba. Thompson ya ce masa bai yarda ba. Hujjarsa ita ce abin da Khrushchev ke buƙata shi ne ya iya tsayawa gaban mutanensa ya ce na ceci Kyuba daga mamaya. A ba shi wannan, zai iya sauka ba tare da ya ji kunya ba. Jakada ne yake ce wa shugaban ƙasa ka yi kuskure, ana tsakiyar wannan tashin hankali, kuma muryarsa tana nan a kaset.

Abin da aka yi a ƙarshe haɗin gambiza ne. A fili aka amsa wasiƙar farko. A ɓoye kuma, a daren nan, Robert Kennedy ya gana da jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin ya shaida masa cewa makaman Turkiyya za su fita cikin 'yan watanni, da sharaɗin kar a faɗa wa kowa. Da safiyar Lahadi 28 ga wata Rediyon Mosko ya sanar cewa za a kwashe makaman. A Afrilu 1963 aka cire na Turkiyya.

Sai bayan shekara 30, a wani taro da aka yi a Havana a 1992, Amurkawa suka ji abin da ya sa gumi ya keto musu. Suna zaton sojojin Sobiyet da ke tsibirin ba su wuce kimanin 10,000 ba, ashe sun haura 40,000, kuma suna riƙe da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga, waɗanda za a iya harba wa duk rundunar da ta sauka.

Ɗaya ɓangaren fa? Khrushchev ya yanke shawarar kai makaman ne a Mayu 1962 cikin 'yan tsirarun mutane. Anastas Mikoyan, wanda ya fi kowa sanin Castro a cikinsu, ya nuna shakka, ba ta hana komai ba. Tawagar da aka tura duba wuri ta dawo ta ce za a iya ɓoye makaman a cikin itatuwan kwakwa. Shi kuwa Dobrynin, jakadansu a Washinton, mutumin da aikinsa ne ya san yadda Amurka za ta mayar da martani, ba a ma gaya masa ana kai makaman ba. Bayan shekara 2, a Oktoba 1964, abokan aikin Khrushchev suka tuɓe shi, kuma Kyuba tana cikin laifuffukan da aka lissafa masa.

Mu dawo gida kaɗan. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 14(3), ya ce tsarin gwamnatin tarayya ya nuna kowane ɓangare na ƙasa, sashe na 147(3) kuma ya wajabta a ɗauko aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha. Ni ina goyon bayan wannan, ƙasa irin tamu ba za ta zauna ba in wasu suna ganin an rufe musu ƙofa. Amma dokar tana amsa tambayar daga ina ka fito ne kawai. Kana iya tara mutum 36 daga jihohi 36, a ce duk unguwa ɗaya suke zaune a Abuja, 'ya'yansu makaranta ɗaya, asibitin da suke zuwa ɗaya, kuma dukkansu kujerarsu tana hannun mutum ɗaya. A takarda sun bambanta, a ɗaki kuwa baki ɗaya ne. Sai a zauna a kan maganar taki babu wanda ya yi noma da kuɗin aljihunsa a daminar bara. A zauna a kan mutuwar mata wajen haihuwa babu ungozoma, wani lokacin ma babu mace. A zauna a kan tsaron daji babu wanda ya taɓa kwana a ƙauyen da ake magana a kai. Thompson ɗin kowace matsala yana nan, sau da yawa a bakin ƙofa yake an hana shi shiga. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun ƙarni na 15 Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, kuma ya saurari baƙon malami, Al-Maghili, wanda ya zo daga arewacin Afirka ya rubuta masa nasiha a kan mulki.

Sai dai kar in sayar muku da labarin Kennedy da daɗin da ya wuce gaskiya. Ɗakin nan duk maza ne, duk fararen fata, yawancinsu daga 'yan tsirarun jami'o'i iri ɗaya. Babu ɗan Kyuba ko ɗaya. Sa'a ma ta taka rawa: a ranar Asabar ɗin nan wani jirgin yaƙin Sobiyet mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya kusa harba makamin nukiliya, wani hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi amincewa, kuma ba wanda ya san da haka a Washinton. Sannan waɗannan mutanen dai, McNamara da Rusk da Taylor, su ne a 1965 suka raka Shugaba Lyndon Johnson cikin yaƙin Biyetnam. George Ball yana nan a lokacin, ya rubuta takarda bayan takarda yana cewa ba za a ci yaƙin ba. Johnson yakan ba shi lokaci ya yi magana, a gode masa, sannan a yi abin da aka riga aka shirya. Ya zama mai adawa na ado. Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu a can, 'yan Biyetnam kuwa miliyoyi.

Shi kuma Stevenson, tun ranar 20 ga Oktoba ya kawo shawarar a yi musaya da makaman Turkiyya, aka yi masa ca a ɗakin, ana ganin ya cika tsoro. Bayan rikici ya lafa, a Disamba 1962, wata mujalla ta buga labarin da ke nuna shi a matsayin wanda ya so a miƙa wuya, kuma daga cikin gwamnati aka tsegunta mata. Kennedy ya san cewa wani ɓangare na shawarar mutumin nan ce aka bi a ɓoye, amma sirrin ya fi masa muhimmanci. Stevenson ya rasu a Landan a 1965 da wannan tabon. Sai a 1989, a wani taro a Mosko, Sorensen ya fito ya amsa cewa lallai maganar Turkiyya tana cikin yarjejeniyar.